Robar da Na Jefa a Masai

Ni na haɗa man da hannuna. Na fara da wannan ne domin duk wanda na ba labarin yakan yi saurin nema mini mafita, ya ce laifin mai shago ne, ko na waɗanda suka yi kayan, ko na hukumar da ta bari suna yawo a kasuwa. Kowa da nasa kason, ban musa ba. Amma kwanon silbar na ɗakina ne, cokalin nawa ne, yarinyar da aka shafa wa kuma ɗiyar yayana ce, wadda aka haifa a gabana a garinmu Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe. Ni na fara goya ta tun ina 'yar makarantar firamare.

Ita ce ta fari a gidan. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane, balle ta tsaya kan hidimar aurensa. Saboda haka da aka sa ranar bikinta bayan kakar 2022, lokacin an gama kai gero da dawa rumbu, 'yan kuɗi sun shigo hannun mutane, sai hidimar ta faɗo kaina, ni gwaggonta. Ba wanda ya ja. Ni ce wadda ta yi karatu a gidan, ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, kuma an san ni da gyaran amare a gefe: dilka, halawa, kurkum, lalle, turaren tsuguno. Matar yayana ta ja ni bayan ɗaki ta riƙe hannuna ta ce, "Ga ta nan, ɗiyakki ta. Yadda duk kinka yi da ita daidai na."

Shekaru na yi ina gyaran amare da kayan da aka sani tun dā, ban taɓa ganin wata illa ba. Amma daga baya iyayen amare suka fara ƙorafi. Dilka tana sa fata laushi da sheƙi, ba ta sauya launi, su kuwa launi suke so. Sai a ce mini wance ta kai ɗiyarta birni, cikin mako uku ta dawo ba a gane ta ba. A wani zauren WhatsApp na masu sana'a irin tawa na ga yadda ake haɗin. Na je wani shago a cikin Sakkwato, mai shagon bai tambaye ni komai ba, ya jero mini kaya: tub-tub na maganin ƙaiƙayi guda shida, babbar kwalbar man shafawa, wani ruwan mai a 'yar kwalbar da ba rubutu a jikinta, da wani farin mai mai kauri a ɗan gwangwani, wanda ya ce daga ƙasar waje yake zuwa, shi ne "mai saurin aiki".

Ina jin Turanci. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. A jikin tub ɗin an rubuta sunan abin da ke ciki, kulobetasol, kuma 'yar takardar da ke cikin kwalin ta ce a shafa kaɗan, a wurin ciwo kawai, na ɗan lokaci, bisa umarnin likita. Na karanta, na murƙushe takardar, na matse tub shida cikin kwano. Daga baya ne aka gaya mini cewa wannan magani yana cikin mafiya ƙarfi a jinsin sitiroyid da ake shafawa, cewa ko mai ciwon fata na gaske ba a yarda ya wuce giram 50 a mako, kuma 'yan makonni kaɗan ake yi a tsaya. Ni kuwa na ce ta shafa daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare.

Yarinyar baƙa ce, baƙi mai kyau, irin wanda idan ta yi wanka ta shafa man kaɗanya sai ka ga tana ɗaukar ido. Angon ya gan ta a haka ya ce yana so. Ba wanda ya kawo kuka kan launinta, ni ce na ƙirƙiro shi. Na ce dangin ango 'yan gari ne, za su zo da wayoyi su yi ta hotuna, kada a raina mu. Tun muna yara muke jin ana cewa farar mace alkyabbar mata, muna dariya, ba mu san maganar tana zama a zuciya ba. A zuciyata dai ta zauna, har na ɗauke ta na ɗora wa yarinyar da ba ta taɓa duba madubi ta ga aibi ba.

Kwana goma da farawa ta yi haske. Mata suka fara leƙowa gidan. A mako na uku ta same ni a ɗaki, kanta a ƙasa, ta ce, "Gwaggo, wanga mai yana yi min zahi. In na hita rana kamar an aza min garwashi ga huska." Na amsa mata da abin da na ji ana faɗa a zauren nan, kalma da kalma: "Yi haƙuri ɗiyata, aiki shi kai. Dauɗar jiki ce ka hita." Ta ce to. Ba ta sake magana ba, domin ba a yi mata tarbiyyar musu da gwaggo ba.

Ba dauɗa ce ke fita ba. Sitiroyid yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata, shi ya sa ake ganin haske da wuri, sannan a hankali ya riƙa siranta fatar yana kashe mata ƙarfin kare kanta. Haidurokwinon, wanda ke cikin babbar kwalbar, yana hana fata yin melanin, sinadarin da ke ba mu launinmu. Melanin ɗin nan kuwa inuwa ce da Allah Ya saka mana a jiki. A ƙasar Sakkwato, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, inda yarinya za ta je rijiya, ta yi shanya, ta tsaya gaban murhu, na cire mata inuwarta, da ta ce rana na ƙona ta na ce ta ƙara haƙuri.

Biki ya yi kyau, in dai yabon mutane ne kyau. Aka yi ta tambayar wa ta gyara amarya. Kafin hunturu ya wuce ina da masu saye a Fakku, da Kuchi, da cikin Tambuwal. Ina haɗawa in zuba cikin tsofaffin robobi, ba suna, ba kwanan wata, ba komai. Ina da ɗan littafin bashi da nake rubuta sunayensu, mata 23. Amarya kuwa duk wata sai na aika mata da roba guda kyauta, domin an gaya mini in ta daina za ta koma fiye da yadda take a dā. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Wane irin man kwalliya ne ba a iya rabuwa da shi?

A watan Fabrairun 2023, lokacin wahalar takardun kuɗin nan, ina wanke-wanke na ji a rediyo cewa shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta yi magana a wani taro da 'yan jarida a Kano, ta ce bilicin ya zama annobar da ke buƙatar matakin gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Aka kawo alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man sauya launin fata, Togo kashi 59, Afirka ta Kudu 35, Senegal 27. Aka ambaci ƙoda, aka ambaci ciwon daji na fata. Na ji duka. Abin da na gaya wa kaina shi ne, wannan na masu wuce gona da iri ne, ni gyara nake yi, ba bilicin ba. Yawancinmu haka muke. Ba ka jin mace ta ce tana bilicin. Sai dai ta ce tana "fito da kalarta".

Da ƙaramar Sallah na je Fakku na gan ta. Fuskarta ta yi zagaye, kumatu sun cika, wuya ya yi kauri. Tsofaffi suna ta murna, aure ya karɓe ta, hutu ya zauna. Ni ma na taya su. Amma da muka shiga ɗaki ta cire hijabi, na ga abin da su ba su gani ba. Nankarwa ce manya-manya, jajaye masu duhu, a hammata da cinyoyi da damatsa, ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Jijiyoyi kore-kore sun bayyana a ƙirjinta. Ƙuraje sun feso a goshi, makero ya zagaye mata ƙugu, gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi ƙirin a kan farin hannu. Wata 'yar ƙunar murhu da ta samu tun cikin azumi ba ta rufe ba. Na dubi duk wannan, na koma Tambuwal, na ƙara tub biyu a haɗinta don ƙurajen su kwanta. Suka kwanta kuwa, na ɗan lokaci, domin haka sitiroyid yake: ya danne alama, ya ciyar da ciwon.

Cikin damina ta samu ciki. Ranar da ta fara zuwa awo, malamar asibitin ta gwada jininta ta ga ya hau fiye da yadda ya kamata ga yarinya mai shekarunta. Ta ɗaga mata riga ta ga nankarwar, ta tambaye ta me take shafawa. Ta rubuta mata takarda zuwa babban asibiti, ta ce idan za ta tafi ta riƙe robar man a hannu, likita zai so ya gani. Da yamma ta kira ni ta wayar mijinta ta gaya mini.

A nan ne na yi abin da ya fi haɗa man muni. Ban yi tunanin yarinyar ba, kaina na tuna. Na tuna aikina, na tuna sunana a gari, na tuna fuskar yayana. Washegari na hau mota zuwa Kebbe, na hau mashin zuwa Fakku cikin taɓo. Na karɓi robar daga hannunta, da sauran wadda ba ta buɗe ba. Da dare ya yi, gida ya yi shiru, na ɗauki fitila na zaga bayi na jefa su a masai. Na ce mata, "Ki bar shi daga yau. In an tambaye ki, ki ce man kaɗanya da basilin kika shahwa." Da na koma gida na tattara tub-tub ɗin da na matse, da kwalaye, da ɗan gwangwanin nan, na cinna musu wuta a bayan gida. A raina na ce na kashe maganar, kuma na raba ta da gubar. Har ina jin kamar na yi abin kirki.

Kwana huɗu aka kira ni. Fatarta ta yi ja ta kumbura tana ƙuna, tana amai, ba ta iya tsayuwa, in ta miƙe sai jiri ya kayar da ita. Mijinta da yayana suka nemi mota, muka haɗu a Tambuwal, muka kama hanyar Sakkwato. Kanta yana kan cinyata duk tsawon tafiyar. Sau biyu ta buɗe ido ta ce, "Gwaggo, sanyi nika ji."

Likitan da ya karɓe mu bai daɗe yana dubanta ba ya juyo gare ni. "Hajiya, ke ce mahaifiyarta?" Na ce gwaggonta. "Wane mai take shafawa?" Na ce man kaɗanya. Ya yi shiru, ya ɗaga hannun rigarta ya nuna mini nankarwar. Ya ce, "Hajiya, man kaɗanya ba ya yin wannan. Ba don in kama wani nake tambaya ba. Abin da zan ba ta yanzu ya dogara da amsarki, kuma ba mu da lokaci mai yawa." Yayana yana tsaye a bakin ƙofa. Na dube shi, na dubi yarinyar, na faɗi komai. Sai likitan ya ce, "To, ina robar?"

Bayan an sa mata ruwa an yi mata allura, hankali ya ɗan kwanta, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da kotisol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da sukarin jiki, musamman lokacin ciwo ko wahala. Idan mutum ya daɗe yana shafa sitiroyid mai ƙarfi a duk jiki, yana ratsa fata ya shiga jini, sai waɗannan halittu su ga an wadata su daina aiki. Kumburin fuskar da muka kira hutu, da hawan jinin, duk daga nan suke. Ranar da aka yanke man farat ɗaya, jiki ya wayi gari ba na waje ba na ciki. Wannan yana iya kisa. Shi ya sa ba a daina irin wannan mai a dare ɗaya, likita ne ke rage shi sannu a hankali har jiki ya farfaɗo da nasa. Wato abin da na yi don ɓoye laifina shi ne ya kusa kashe ta.

Sannan ya zo kan ɗan gwangwanin. Ya ce irin waɗannan fararen mayuka masu saurin aiki sau da yawa akan samu zaiba a cikinsu. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan da ke ciki, tana bin nono, har ta kan tawul da zanen gado tana iya shafar wanda bai taɓa man ba. Daga baya na karanta labarin Minamata, garin da ke Japan inda zaibar wata masana'anta ta shiga teku ta nakasa mutane a shekarun 1950, wanda aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 sunansa. Najeriya na cikinta, kuma a 2023 ƙasashen suka amince a haramta zaiba kwata-kwata a kayan kwalliya daga 2025. Amma a ranar ba tarihi ne a gabana ba. Yarinya ce mai ciki wata uku, likita yana son ya san me ya shiga jikinta wata tara, abin da zai ba shi amsa kuma yana ƙasan masai a Fakku.

Kwana biyu bayan haka wata ma'aikaciyar sashen magani ta zo gefen gadon da wata takarda mai launin ɗorawa. Ta ce fom ne na kai rahoton illar magani, ana cikewa a aika wa NAFDAC. Ta bayyana mini cewa tun 2004 hukumar ke da cibiyar da ke tattara irin waɗannan rahotanni, a shekarar ne Najeriya ta shiga shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan illar magunguna, wanda ma'ajiyarsa ke Uppsala a ƙasar Suwidin. Ta buɗe wayarta ta nuna mini wata manhaja, Med Safety, da aka ƙaddamar a nan ƙasar a 2020, ta ce ba sai ma'aikacin lafiya ba, kowa yana iya aikawa da kansa. Sai ta fara tambaya tana riƙe da biro. Sunan man? Wa ya yi shi? Lambar rajistar NAFDAC? Lambar rukunin da aka sarrafa shi? Ranar ƙarewar wa'adi? Na iya ba ta shekarun yarinyar, da ranar da ta fara, da abin da ya same ta. Sauran gurabun duk ta bar su fayau. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai, "Anti, rahoton da ba sunan kaya, ba wanda zai iya bin sawunsa. Man yana nan a shago, gobe wata za ta saya."

Na daɗe ina juya wannan magana. Mu idan mai ya ƙona mace, abin da muke cewa shi ne jininta ne bai haɗu da shi ba. Ko a ce sanyi ne, ko baki ne, ko sammu. Sai ta rufe fuska da niƙabi, ta sauya wani man, ta yi shiru saboda kunya. Maƙwabciyarta ma haka, ta bayanta ma haka. Mata ɗari su ƙone da mai ɗaya, kowacce tana zaton ita kaɗai ce, laifin kuma na jininta ne. Amfanin rahoto shi ne ya haɗa waɗannan ɗarin wuri guda, a ga cewa ba jini ba ne, kwalba ce. A Afirka ta Kudu haka aka yi. A 1975 wasu likitocin Pretoria suka rubuta abin da suke ta gani a fuskokin mata baƙaƙe masu shafa haidurokwinon, wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke kama kumatu ba ya fita. Da bayanai suka taru, aka yi ta matsa lamba, har ƙasar ta hana sa shi a kayan kwalliya a 1990. Da kowace mace a cikinsu ta jefa robarta a masai, da ba abin da za a rubuta.

Yayana bai yi mini magana ba har aka sallame ta. Ranar da muka koma Fakku na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na ce, "Yaya, na ci amana, ka yahe min." Ya daɗe yana jan carbi. Sai ya ce, "Man da kinka ba ta, kuskure na. Ƙaryar da kinka sa ta yi, ita ta ban ciwo." Ya ce ya yafe. Sannan ya tambaye ni mutum nawa na sayar wa. Na ce 23. Ya ce, "To su hwa?"

Na ɗauki littafin bashin na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yin tafiya mai nauyi irin wannan ba. A kowane gida sai na yi sallama, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, sannan in buɗe baki in ce man da na sayar miki yana da cuta, na sani ko ya kamata in sani, kada ki daina yau, kada ki jefar da robar, ki ɗauke ta mu je asibiti. Wasu suka yi kuka. Wata ta zage ni, kuma tana da gaskiya. Huɗu suka ce ba su ga komai a jikinsu ba, ba za su bari ba, in na daina haɗawa za su nemi wata. Wadda ta fi tayar mini da hankali wata mai jego ce da ta ce tana ɗan lakata wa jaririyarta, don ta ga kunnuwanta sun fara duhu. Fatar jariri ta fi ta babba siranta, abin da aka shafa mata ya fi saurin shiga jini. A ranar muka kai yarinyar asibiti. Da BBC ta ba da labarin wata uwa a Kano a 2025, wadda ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan haɗin har fatarsu ta ƙone, mutane suka yi ta mamakin yadda uwa za ta yi haka. Ni ban yi mamaki ba. Na zauna a kan tabarmar irinta, kuma ni na miƙa mata robar.

Na dawo da robobi tara da sauran mai a ciki. Na koma shagon nan na sake sayen kowane abu guda ɗaya, wannan karon na karanta su a tsanake. Biyu ba su da lambar NAFDAC ko kaɗan. Ɗan gwangwanin ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Tub ɗin kuwa magani ne, wurinsa kantin magani da takardar likita, ba teburin kayan kwalliya ba. Dokar hukumar ta hana sitiroyid da zaiba a man kwalliya, ta kuma hana haidurokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. Na ɗauki hoton kowanne gaba da baya, na rubuta ranar da na saya da inda na saya, na kai wa ma'aikaciyar nan. Muka zauna muka cike fom na ɗiyar yayana daga farko har ƙarshe, da na sauran matan da suka yarda. A gurbin bayani na ce ta rubuta cewa mai haɗin ce da kanta ta kawo.

Har yanzu ina gyaran amare, da dilka da kurkum da man kaɗanya. Ko su ɗin sai na shafa kaɗan a cikin damtsen yarinya mu jira kwana biyu mu gani. Na daina ƙunshi da dayis, domin rinin gashi ne, kuma na ga yadda yake tayar da ƙuraje masu ruwa a hannun wasu, zanen furen ya zama tabo. Abin da ba suna a jikinsa ba ya shiga ɗakina. Idan amarya ta ce wani abu yana mata zafi, a wanke nan take, a ajiye kwalbar. Ciniki ya ragu ƙwarai. Uwaye da yawa in sun ji ba na haɗi sai su yi godiya su tafi wani wuri.

Gwajin ƙoda da na fitsari sun fito lafiya, an kuma yi ta bibiyar hawan jinin har ya sauka. Watannin da suka rage na cikin nan ban yi barcin kirki ba. Ta haihu a farkon 2024, namiji, ƙarami amma da kukansa. Launinta ya dawo a hankali, ba daidai ba, wani wuri ya riga wani. Nankarwar ta dusashe amma tana nan. A kan kumatunta biyu akwai baƙin nan mai shuɗi-shuɗi, kamar an dangwala mata toka da yatsa, likitan fata ya ce wannan yana da wuyar fita.

Ranar suna ina ɗakinta ina shirya ta kafin mata su cika gida. Na ɗauko hoda zan rufe mata tabon, ta riƙe hannuna. Ta ce, "Bar shi, Gwaggo. Ƙannena mata suna nan tahe, ina son su tambaye ni." Ta miƙo mini yaron, ta jawo kwanon man kaɗanya ta fara shafa wa ƙafafunta.